Shekarar da Na Hana Dada Igiya

Akwai maganar da kuka taso kuna ji a gefen kunne duk lokacin da aka je biki ko suna a Miri. Na san kun ji ta, domin na sha ganin yadda kuke sunkuyar da kai idan an faro ta. Ana cewa ni ce na shiga tsakanin babanku da yayansa, Baffanku Buba, har suka yi shekaru ba sa zama a tabarma ɗaya. Ban taɓa musawa ba, ban kuma taɓa amsawa ba. Yanzu duk waɗanda maganar ta shafa sun koma ga Ubangijinsu, Allah Ya jiƙansu da rahama, ni kaɗai na rage, idona kuma ya fara gajiya da takarda. Shi ya sa na ga gara in rubuta muku yadda abin ya kasance, don kada ku riƙe wani daga cikinsu a zuciya a kan abin da ba ku san tushensa ba.

Dangin babanku makiyaya ne da suka zauna a gefen Miri. Idan rani ya yi tsanani ciyawa ta ƙare, yaran gidan su ne ke hawa madaci da gawo su saro wa shanu ganye. Babu tsani, babu takalmi, adda a bayan wuya, mutum ya rungumi bishiya ya haye. A haka Buba ya koyi hawa, shi kuma ya koya wa ƙaninsa Manu, wato babanku. Da shanun suka ragu, wasu ciwo ya kwashe, wasu aka sayar, abin da ya rage a hannun su biyun shi ne iya hawa. Sai suka shigo gari da shi. Kun san halin Bauchi idan damina ta ƙarato: iska ce ke riga ruwa zuwa, ta yaye kwano, ta karyo reshe a kan ɗaki ko a kan wayar wuta. Saboda haka tun bazara masu gidaje ke neman wanda zai rage musu darbejiya da mangwaro. Kafin a daɗe, daga Gwallaga har unguwannin ma'aikata, idan an ce 'yan Miri masu datse bishiya, kowa ya san su wa ake nufi.

Ni 'yar Gwallaga ce, a nan aka haife ni, a nan na girma har na gama sakandare, a nan kuma babanku ya kama mana gida. Ban taɓa bin su wurin aiki ba. Abin da na sani na sana'ar, a bahon wanki na koye shi. Idan riga ta dawo da ƙaro mai yauƙi, mangwaro suka hau. Idan ruwan wankin ya yi ɗaci har ina jin sa a hannu, darbejiya ce. Daga rigar ma na gane tsarinsu tun kafin a faɗa mini: ta babanku kullum a kafaɗa take cinyewa, don shi ne mai karɓar rassa a ƙasa da hawa na kusa-kusa. Ƙololuwar bishiya ta Hamma ce. Haka muke kiran Buba, da ni da babanku, wato yaya da Fulatanci. Babu wanda ya taɓa zama ya raba musu aikin. Babba shi ke hawa sama, kamar yadda shi ke fara sa hannu a akushi.

A shekarar da nake ba ku labari, Aisha tana aji ɗaya, Maryam tana goye a baya, ina kuma da cikin Sadiƙu. Wata rana a cikin bazara na ɗauko rigar babanku na tarar ta yage daga hammata har ƙugu, jini ya bushe a bakin yagewar. Na kai masa ita har inda yake zaune.

"Malam, wannan fa?"

"Wani reshe ne ya gaishe ni."

"Gaisuwar har da jini?"

"Ya daɗe bai gan ni ba ne."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Daga baya na ji cewa santsi ne ya kwashe shi a kan mangwaro, ya zamo, wani reshe na ƙasa ya tare shi a hammata. Da babu reshen, da siminti ne ya karɓe shi.

Ba ni ce na kawo maganar igiya gidan nan ba, wannan ku riƙe shi. Akwai wani dattijo a masallacin layinmu, Baba Audu, wanda ya yi ritaya daga aikin wutar lantarki bayan ya ƙare ƙuruciyarsa a kan falwaya. Shi ya lura babanku ba ya iya ɗaga hannun hagu wajen kabbara. Bayan sallama ya ja shi gefe, ya matsa masa har ya faɗa. Bai yi masa faɗa ba. Ya shiga gida ya fito da ɗamarar aikinsa, mai faɗi, da zobban ƙarfe a gefe biyu da gajeriyar igiya mai ƙugiya. Ya kuma raka shi da kansa suka nemo doguwar igiya, irin wadda aka yi don ɗaukar nauyin mutum, ba irin ta guga ba.

A tsamiyar ƙofar masallaci ya koya masa, bayan La'asar, yaran layi suna kewaye da su suna ƙyalƙyala dariya, wai mai hawa ya koma makarantar hawa. Da yamma ina tuƙa tuwo babanku yakan zauna a bakin madafa ya maimaita mini darasin, ina ganin don ya zauna masa ne a ka. Har yau ina iya kawo muku shi. Doguwar igiya ana jefa ta ne a mararrabar da ta fita daga jikin uwar bishiya, sama da inda za ka tsaya, kuma kafin ka bar ƙasa sai ka saki nauyinka a kanta ka ji. Gajeriya tana zagaye gangar jikin bishiyar. Ba a ɗaura wa reshen da za a sare. Idan za ka ɗaga adda, duka biyun suna jikinka. Babbar dokar kuwa, wadda Baba Audu ya ce ita ce ta kai shi ritaya da ƙafafunsa, ita ce: kada ka kwance ɗaya sai ɗayar ta kama, ka kuma gwada ta. Ya ce mutane ba a sama can suke faɗowa ba, a wurin tsallake reshe suke faɗowa, lokacin da mutum ya ce bari in cire na ɗan lokaci kaɗan in wuce.

Ni ma an ba ni nawa rabon. A ɗakina kayan suke kwana, cikin tsohon akwatin ƙarfen da na yi makarantar kwana da shi, don ɓera kada ya taɓa, rana kada ta ci, kalanzir kada ya zuba. Idan igiyar ta jiƙe, a inuwa nake shanya ta. Kafin in naɗe, nakan bi ta da yatsu daga wannan kai zuwa wancan, kamar mai tsintar shinkafa, in ji ko akwai inda ta yi laushi ko ta fara tsinkewa. Ba a shanya a kanta, ba a jan ruwa da ita. Da Babbar Sallah ta zo maƙwabta suka aiko a ara musu su ɗaure rago, na ba su igiyar shanyata, na kwashe kwanaki ina baza wanki a kan katanga.

Ranar da Hamma ya fara ganin kayan, a zaurenmu ne. Na kai musu fura na durƙusa ina damawa, babanku ya fito da ɗamarar yana nuna masa, yana ta kewaye-kewayen magana, don ƙani ba ya cewa yayansa ga abin da za ka yi. Hamma ya ɗaga igiyar da yatsa biyu. A wurinsu akwai doguwar igiya mai madaukai da ake jera maruƙa a jikinta idan za a yi tatsa, ana ce mata dangwali.

"Manu, yaushe ka koma maraƙi?"

"Hamma, ba nauyi gare ta ba. Kwana kaɗan mutum ya saba."

"To wa zai tatsi uwarka kafin a kwance ka?"

Sai ya juyo wajena. Amarya yake ce mini, har ya bar duniya bai canza ba.

"Amarya, ke kika ce a sa shi a dangwali don kada ya ɓata miki?"

Na yi murmushi na sunkuyar da kai. Shi ma dariya yake yi, babu ɓacin rai a ranar. Amma na lura da ya ajiye igiyar sai da ya goge yatsunsa a riga. Ku fahimce shi. Hamma ba wawa ba ne, ba kuma mai raina ajali ba. A inda ya tashi, namiji ba ya nuna tsoro, ko a gaban zaki, ko a ƙarƙashin bulala. Igiya ta dabba ce. Mutum ya ɗaure kansa da hannunsa a gaban jama'a, a ganinsa ya yi shelar cewa zuciyarsa ta karaya.

Suka ci gaba da aiki a haka, ɗaya a ɗaure, ɗaya a sake, har aka kira su wani gida a Gwallameji. Lokacin unguwar tana ta cin gonaki, ko'ina bulo da yashi. Mai gidan ya sayi fili da tsohuwar darbejiya a ciki, ya gina har ya rufa kwano, sannan ya ga bishiyar ta rusuna a kan rufin, ga hadari ya fara haɗuwa da yamma. Ban je wurin ba. Abin da zan faɗa muku daga bakin babanku na ji shi.

Ya ce da ya kewaya bishiyar sai ya ga abin da bai so ba. An sha guntule ta tun tana cikin gona, duk manyan rassan da ake gani toho ne da suka fito daga bakin tsohon sara. Irin wannan reshe yana da kauri a ido, amma a fatar bishiyar kawai yake maƙale, gindinsa kuma ruwa ya daɗe yana kwanciya har ya ruɓe. Madacin daji da suka saba da shi ba haka yake ba, reshensa daga zuciyar itacen yake fitowa, idan ka taka shi da ƙafa ka ji ƙarfi to ƙarfin ne. Wannan kuwa sai ya amsa maka da kyau sannan ya ɓalle gaba ɗaya. Ya matsa kusa da Hamma ya faɗa masa da Fulatanci, a hankali, don kada magina su ji. Hamma ya yi kamar da iska ake magana. Ya cire takalmi, ya soke adda a bayan wuya, ya ɗora ƙafa a jikin bishiya.

Sai babanku ya kama masa idon sawu.

Ya ce shi kansa bai san lokacin da hannunsa ya kai ba. Kuma maganar da ta fito daga bakinsa da Hausa ta fito, da ƙarfi, a gaban mai gida da magina da masu kwaɓa siminti.

"Hamma, yau ba za ka hau ba sai da igiya."

Wani lebura ya yi dariya. Hamma ya kalli hannun da ke riƙe da ƙafarsa har sai da aka sake shi. Ya sauko, ya sa takalminsa, ya zare addarsa. Ya kama hanya. An ce mai gidan ya bi shi har titi yana ba shi haƙuri, ya tare masa mashin, ya ƙi hawa. Da ƙafa ya tafi.

Babanku ya riga ya karɓi aikin, ga hadari, sai ya hau shi kaɗai, magina biyu suna karɓar masa rassa. Ya kai inda bishiyar ta rabu. Duk wanda zai kai sama dole ya taka wani reshe mai kauri da ke nan, babu wata hanya. Gajeriyar igiyarsa ta sarƙe a ƙarƙashin reshen, sai an cire ta za a wuce. Ya ce zuciyarsa ta ce masa cire kawai, taki ɗaya ne. Amma ya tsaya ya ɗaga doguwar ya mayar da ita can jikin tsohon kututturen, ya ja, ya ji ta kama, sannan ya cire gajeriyar ya ɗora ƙafa. Reshen ya tafi da ƙara kamar an yaga sabon yadi, ya faɗa kan tulin bulo ya farfasa su. Shi kuwa ya tsinci kansa yana lilo, ɗamarar ta haye ta shaƙe masa haƙarƙari. Da numfashinsa ya dawo ya kama bishiyar ya ƙarasa aikin.

Ya shigo gida da sallamarsa yadda ya saba, ya ɗauki Maryam ya ajiye ta da sauri. Wajen alwalar Magariba na gane, don ya kasa sunkuyawa ya wanke ƙafa, sai da ya ɗora ta a kan turmi. Na jira ya dawo daga masallaci na ce ya ɗaga riga. Shatin ɗamarar ya zagaye shi, baƙi da ja, kamar an yi masa zane da shuni. Ina gasa masa da ruwan zafi ya ba ni labarin duka, tun daga kama ƙafa. Na ce Alhamdulillahi, gobe sai a je Miri a faɗa, kowa ya san dalili.

"A'a. Wannan magana ta tsaya a ɗakin nan."

"Malam, ai ita ce za ta wanke ka."

"Ita ce za ta ƙarasa shi. Na kama ƙafarsa a gaban leburori. Idan kuma aka ji reshen ya karye, za a ce ƙaninsa ya fi shi sanin bishiya, ƙaninsa ne ya tsamo shi daga kabari. Da wane ido zai shiga gari? Ki yi mini alkawari."

Na yi masa.

Ba a jima ba Dada ta zo, wato kakarku, mahaifiyarsu. Ba ta saba zuwa ba aike, kuma ta zaɓi hantsi, lokacin da ta san ɗanta ya fita. Ranar ba hawa ya je ba, dubo wani aiki ya tafi, kayan suna cikin akwati. Ta sauko daga mashin da ƙwaryar nono a naɗe cikin zane. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, na durƙusa muka gaisa, ta tambayi yara da nauyin jikina. Dada ba ta faɗin sunan Hamma, ɗan fari ne, sai dai ta ce babban.

"Babban ba ya cin abinci. Ba ya zama cikin mutane. Na haifi biyu, ina kallo suna zama ɗaya da ɗaya."

"Allah Ya daidaita, Dada."

"Amin. Ɗauko mini igiyar nan."

Ban motsa daga durƙuson ba. Ta ci gaba da magana a hankali, ba faɗa a muryarta.

"Ba ƙona ta zan yi ba. Zan kai ta in ajiye a gabansa, in ce ga abin da ya jawo, na raba shi da ita. Shi ke nan. Shi ya sa na zo mai gidan ba ya nan. Idan ni na ɗauka, babu wanda ya rusuna wa wani. Ƙaramin bai bayar ba, babban bai roƙa ba."

Har yau ina ganin hikimar tsohuwar nan. Ta yi tunanin da zai fid da 'ya'yanta biyu daga kunya, kuma da abin da ta sani kaɗai ne gaskiyar, da dabararta ta yi. Amma ni na gasa haƙarƙarin nan da hannuna. Na kuma san babanku. Idan mahaifiyarsa ta fita da igiyar nan, ba zai bi ta ya karɓo ba, ba zai sayi wata ba, don yin haka saɓa mata ne. Zai koma hawa yadda ya saba. Idan kuma na ce mata shi ya hana, za ta zauna ta jira shi, ta tambaye shi ido da ido, ya ɗauko ya miƙa mata da hannu biyu. Dalilin da zai gamsar da ita yana bakina, na kuma yi alkawarin ba zan faɗa ba. Abin da ya rage kawai shi ne ƙin ya zama nawa.

"Dada, ki yi haƙuri. Ba zan iya ba."

"Shi ya ce kada ki bayar?"

"Bai ce ba. Bai ma san za ki zo ba."

"To ke ce."

"Ni ce."

Ta daɗe tana kallona. Ina durƙushe, cikin ya tokare ni, idona a kan tabarma, ina jin hawaye na sauka a bayan hannuna.

"An faɗa mini 'yar birni mai boko ba ta jin magana. Na ce tawa ba haka take ba."

Ta kwance zanen, ta ce in kawo kwano. Ta juye nonon duka, ta ce na jikokinta ne. Ruwan da na kawo mata yana nan yadda na ajiye shi. Na bi ta har bakin layi ina riƙe da ƙwaryar, ta karɓa ba ta waiwayo ba. Dada ba ta roƙon abu sau biyu, saboda haka ba ta taɓa yi wa babanku maganar ba. Da ya dawo na faɗa masa, ya zauna a bakin gado ya riƙe kai. Can ya ce, "Kin san abin da kika ɗauka?" Na ce na sani. Ban sani ba.

Babu wanda ya zage ni a Miri. Da zagi ne da ya fi sauƙi. Idan na je biki a gaishe ni a taƙaice, a nuna mini wurin zama, a kawo mini abinci kamar baƙuwa. In tashi in kama wanke-wanke, sai wata ta karɓe kwanon ta ce huta abinki. Ku mata kun san abin da ake nufi idan an hana ki aiki a gidan mijinki. Da na haifi Sadiƙu, Dada ba ta zo zaman jego ba, ta aiko da man shanu da gero. Su kuwa 'yan'uwan biyu suka raba aiki, kowa da unguwanninsa. Suna gaisawa ranar Sallah da wurin ta'aziyya, hannu ya taɓa hannu, shi ke nan. Laifin ya samu wurin zama a kaina, kuma na lura hakan ya sa su biyun ba su kai ga gaba ta fili ba.

Abin ya dame ni ta fuskar addini, don na san girman uwa da girman zumunci. Na tambayi malamarmu ta Islamiyya ba tare da na buɗe mata komai ba. Ta ce idan na tabbata rai nake karewa, in bar wa Allah sauran, amma kada in yanke ƙafa, in ci gaba da zuwa ko ba a sake mini fuska ba. Haka na yi. Duk wata nakan soya masa, wato waina, in hau keke-napep zuwa tasha, in kama mashin zuwa Miri, in gaishe da Dada, in share mata ɗaki idan ta bari, in dawo.

Dole kuma in faɗa muku wannan, don gaskiya ce: Hamma bai taɓa faɗowa ba. Shekara da shekaru yana hawa a sake, ko targaɗe bai yi ba. Duk lokacin da iska ta taso da rana nakan sa shi a addu'a tare da babanku, ina roƙon kada Allah Ya nuna mini ranar da za a ce na yi gaskiya. Allah Ya karɓa. Sai dai duk daminar da ta wuce lafiya, a Miri ana ƙara cewa, to ina amfanin abin da aka raba gida a kansa? Babanku kuwa ya nemo wata ɗamarar mai madaurin cinya, wadda idan mutum ya rataya zama yake yi a cikinta, ya canza igiya ba adadi, duk ta hannuna suna bi. Dada ta rasu a shekarar da Aisha ta gama makaranta. A ciwonta na ƙarshe ta yarda na tsefe mata kai na yi mata kitso. Ba ta tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Bayan rasuwarta da 'yan shekaru gwiwoyin Hamma suka fara ba shi wahala. Babban ɗansa Jibo, wanda kuka sani, ya yi aure har an yi masa haihuwa, gona kuma ba ta riƙe gida biyu. Wata safiya ina shara aka yi sallama a zaure, aka ce ana kiran Amarya. Muryar da na daɗe ban ji a gidan nan ba. Na yafa mayafi na fita. Hamma yana tsaye ya dogara da sanda, Jibo a bayansa, ƙato da gemunsa. Na durƙusa muka gaisa. Na ce bari in kira Malam, yana ciki.

"Tsaya tukuna. Wurinki na zo. Igiyar nan tana nan?"

"Waccan ta daɗe da tsufa, Hamma. Amma akwai wata."

Ya nuna Jibo da kan sanda, bai kalle shi ba.

"Ga maraƙi na kawo. Ya ce sai ya hau bishiya. A sa mini shi a dangwali."

Jibo ya sunkuyar da kai yana murmushi. Hamma ya gyara tsayuwa, yana kallon bangon zaure, ya ci gaba kamar da bangon yake magana.

"Darbejiyar nan ta Gwallameji. Na koma na gan ta bayan an gama aikin. Na ga inda reshen ya bar jikinta. Adda ba ta yin irin wannan sara."

Ashe tun a makon ya sani. Duk shekarun da muke rufe bakinmu don kada ya ji, shi ma yana rufe nasa. Ban tambaye shi me ya hana shi magana ba. Na zauna da su na san cewa akwai abin da mutum zai gani da idonsa amma ba zai iya zuwa ya ce wa ƙaninsa ya gani ba.

"Kin ɗauki kayan da ba naki ba, Amarya. Allah Ya biya ki."

"Amin, Hamma."

Sai ya yi gyaran murya, ya tambaya kamar jiya abin ya faru. Ban san inda ya ji wannan ba.

"Haƙarƙarin nasa ya warke?"

Ban ji fitowar babanku ba. Daga bayana amsar ta zo.

"Ya warke, Hamma."

"To, madalla."

Hamma bai taɓa sa ɗamarar a jikinsa ba har ya rasu. Amma a ranar ya zauna ya kalli ƙaninsa yana ɗaura wa Jibo ita, har da sa baki wai a ƙara matse ta, yaron ba shi da ƙugu. Na shiga na ɗauko tabarma na shimfiɗa musu a zaure. Guda ɗaya ce a kusa, ban kuma koma neman ta biyu ba. Na tafi dama fura.